Jar fitilar nan ta talabijin, nawa take ci mana a wata?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin wuta. Wai da gaske ne kayan lantarki suna ci gaba da jan wuta ko an kashe su da rimot? Talabijin, dikoda, caja da aka bari a soket babu waya a jikinta, da makamantansu. In gaskiya ne, abin ya kai a riƙa bin soket ɗaya bayan ɗaya ana zarewa kowane dare? Ina son kuɗin wuta ya ragu, amma ba na son in riƙa faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ɗan Tantama:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Wahalar banza ce. Masu cin wuta sanannu ne: dutsen guga, hita, esi, firiji, abin dafa ruwa. Wannan 'yar jar fitilar ko shekara ta yi a kunne ba za ki ga alamarta a mita ba.

Mai Gyaran Rediyo:
Ɗana, ba fitilar ce ke cin wutar ba, abin da ke bayanta ne. Ka yi tunani, in talabijin ya mutu murus, wa zai ji saƙon rimot ɗin har ya tashe shi? Dole akwai wani sashe a ciki da yake a farke yana saurare. Shi kuma wannan sashen ba ya shan wutar soket kai tsaye, sai ta bi ta wajen da ake rage ƙarfinta, can ma a yi asarar wani abu. Abin da rimot yake kashewa allo ne da sauti. Sauran barcin zomo suke yi, ido a buɗe.

Hajiya, ga gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki. Da asuba, kafin kowa ya kunna komai, ki bi kayan ki ɗora tafin hannu a kansu. Duk wanda kika ji da ɗumi, wuta ya kwana yana sha. Zafi ba ya zuwa haka kawai.

Malama Mai Lissafi:
Bari in ba ku lamba ɗaya da za ta raba gardama. Awa 8,760 ne a shekara. Saboda haka duk abin da ke jan wat 1 ba dare ba rana, a shekara ya cinye yunit 8.76, mu ce kusan 9, tunda yunit 1 shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Mai wat 10 ya ci kusan yunit 88. In jimillar kayan da ke zaman jira a gida ta kai wat 50, to yunit 36 ke nan a wata, 438 a shekara. Kowa ya ninka da kuɗin yunit ɗaya a inda yake zaune, zai ga nasa.

Wannan lissafin shi zai nuna cewa Malam Ɗan Tantama yana da gaskiya a wani wajen, Baba Mai Gyaran Rediyo ma yana da ita a wani wajen. Ya danganta da wane kaya ake magana a kai.

Ɗan Tantama:
To ai shi ke nan, a kawo lambar caja mu gani. Ita ce kullum ake yi wa mutane wa'azi a kanta.

Injiniya:
A kan caja kam ina bayanka. Cajar waya ta zamani, ta kamfanin kirki, in babu waya a jikinta abin da take ja bai wuce wat 0.1 zuwa 0.3 ba. Dokar da Amurka ta fara aiki da ita a 2016 ma ta ƙayyade wa ƙananan caja wat 0.1 ne in ba sa cajin komai. A lissafin Malama, mai 0.1 ba ta cika yunit 1 a shekara ba. Dutsen guga mai wat 1,000 a awa ɗaya yake cinye wannan. Wato uwar da ta shekara tana yi wa yara tsawa a kan caja, guga ɗaya ta tsira da ita.

Amma kada a ɗauki wannan a shafa wa kowane kaya. Tsofaffin adafta masu nauyi, waɗanda ke da taransifoma ta ƙarfe a ciki, irin na tsofaffin rediyo da lasifika, su suna jan wat 1 zuwa 3 ko ba a haɗa su da komai ba. Su ne masu ɗumin da Baba ya faɗa. In ka ɗaga adafta ka ji nauyi a hannu, tsohuwar fasaha ce.

Maman 'Yan Biyu:
To Injiniya, in ba caja ba, su wa ye manyan ɓarayin?

Injiniya:
Hajiya, na ɗaya a yawancin gidaje shi ne dikoda. Da yawansu in kin danna kashewa a rimot, hoton kawai suke daina turawa talabijin. Ciki yana nan yana aiki: yana karɓar sigina, yana sabunta jadawalin shirye-shirye, yana tura wuta zuwa kan dish, masu ɗaukar shiri kuma faifansu yana juyawa. Shi ya sa bambancin a kunne da a kashe ɗan kaɗan ne a wasunsu. A 2011 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka mai suna NRDC ta auna irin waɗannan akwatunan, ta gano cewa gida mai guda biyu, ɗaya mai ɗaukar shiri ɗaya na kallo kawai, yana kashe musu yunit 446 a shekara, fiye da sabon firiji mai tattalin wuta. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan wutar kuma a lokacin da babu mai kallo take tafiya. Na yanzu sun fi na wancan lokacin dama, amma tsofaffin suna nan cike da gidaje.

Ki ɗauka naki yana jan wat 15 a jira, ana kallo awa 5 a rana. Sauran awa 19 ɗin sun haura yunit 100 a shekara. Caja fiye da ɗari ke nan.

Bayan shi sai na'urar wasan yara, sai kwamfutar tebur da aka bari tana gyangyaɗi, sai manyan lasifika masu amfilifaya, sai firinta, sai talabijin mai shiga intanet in an kunna masa saurin tashi.

Autan Zaure:
Yaya Injiniya an zo wajenmu ke nan. Na'urar wasa kuma me ta yi?

Injiniya:
Ƙanena, shiga saitin wutarta ka duba. Xbox misali tana da zaɓi biyu. Akwai na barci, wanda take tashi nan take kuma ana iya tashinta daga waya, Microsoft da kansu sun ce wannan yana jan wat 10 zuwa 15. Akwai na kashewa mai tattalin wuta, shi kuma wajen wat 0.5. Na farko yunit 88 zuwa 131 ne a shekara, na biyu bai kai 5 ba. Abin da za ka rasa shi ne 'yan daƙiƙoƙin da za ka jira ta tashi. PlayStation ma tana da nata yanayin hutun, za ka iya hana ta ba wa ramukan USB wuta da zama a intanet in ta kwanta.

Autan Zaure:
Amma da dare take sauke sababbin wasanni, in na tashi na tarar sun gama.

Injiniya:
Ranar da kake da abin saukewa ka bar ta. Ba kowane dare kake da shi ba ai.

Ɗan Tantama:
Duk na ji. Amma ku dubi abin da idon basira. Gidan da ke kunna esi ya kwana, ko yake dafa ruwan wanka da hita, me yunit 100 a shekara zai yi masa? Esi mai wat 1,000 a awa 100 zai cinye wannan, wato bai kai sati biyu na kwana da shi ba. A bar mutane su kama babban abu. Ni abin da ke ba ni haushi, mutum ya zare caja ya ji a ransa ya yi tattali, alhali ya bar hita a kunne tun safe.

Malama Mai Lissafi:
Ba wanda ya ce a bar babba a kama ƙarami, Malam. Amma akwai bambanci ɗaya da ka tsallake. Wutar da esi ya sha, ka samu sanyi a madadinta. In ka rage ta, jikinka zai ji. Wutar da dikoda ya sha ƙarfe 3 na dare fa, wa ya amfana da ita? Ita ce kaɗai ragin da za ka yi ba tare da ka rasa komai ba. Sannan ba kowane gida ke da esi da hita ba. Gidan da abin da yake da shi fitilu ne da fanka da talabijin da dikoda, wannan wutar jiran tana iya zama kaso mai tsoka a cikin abin da suke biya, don jimillar tasu dama ƙarama ce.

Masu bincike a ɗakin gwajin Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya sun daɗe suna ƙiyasta ta a kan kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na wutar gidaje a ƙasashen da suka ci gaba. In wani ya ce zai rage maka kashi 5 na kuɗin wani abu kowane wata ba tare da ka yi asarar komai ba, za ka ce masa wahalar banza ce?

Mai Sola:
Ku ƙyale Ɗan Tantama, wutar layi yake sha shi ya sa. Duk wanda ya dogara da batir ya san darajar wat ɗaya. Kuma abin da mutane ba sa lura da shi, inbata ita kanta tana cikin manyan masu cin wutar jira. Ko babu komai a kanta, muddin tana kunne tana ci, ƙanana wat 10 zuwa 20, manya masu taransifoma har 50 ko fiye. Ku duba takardar da ta zo da ita, ana rubutawa.

A ce taka tana cin wat 30. Daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, awa 12, ta sha wat-awa 360, wato wat 30 sau awa 12. Batir mai volt 12 da amfiya 200 abin da yake ɗauka wat-awa 2,400 ne, in kuma mai ruwan asid ne rabi ake so ka taɓa don ya yi ƙarko, wato 1,200. Kun ga kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi kafin ka kunna kwan fitila ɗaya. Ka ƙara dikoda da talabijin da rauta suna jira a kai, sai ka ji mutum yana cewa an sayar masa da batir na jabu. Sau da yawa lafiyar batirin ƙalau.

Wasu inbatocin suna da saitin tattali, su kwanta su riƙa leƙowa lokaci-lokaci ko an kunna wani abu. To amma in akwai kayan da ke zaman jira a kan layin, ko dai su hana ta kwanciya, ko ta riƙa tashi tana komawa. Sai ka cire su saitin yake aiki yadda ya kamata.

Mai Gyaran Rediyo:
Ka tuna min da sitabilaiza. Ita ma taransifoma ce babba a ciki. Mutum zai kashe talabijin ya bar ta tana gurnani har safe. Ku taɓa ta ku ji.

Sabon Shiga:
Salam. Ni ma na gwada aunawa da mitar nan mai baki da ake maƙala wa waya. Talabijin ɗina a kashe ya nuna amfiya 0.05. Na ninka da volt 230 ya ba ni wat 11.5. Amma takardarsa ta ce 0.5 yake ci a jira. Ƙarya kamfanin ya yi ke nan?

Injiniya:
Ba lallai ba ne, ɗan'uwa. Wannan ninkin yana tafiya daidai ne a kan abu irin dutsen guga ko hita. A kayan da ke da kafasita (ɗan abin da ke tara wuta ya sake ta) a bakin shigar wuta, akwai wutar da ke shiga tana komawa ba tare da an ƙone ta ba. Mitarka mai baki tana ganin wucewarta ta ƙirga, amma ba aiki ta yi ba, kuma mitar gida ba ta cajin ka a kanta, wat na gaske take ƙirgawa. Ƙari a kan haka, irin wannan mitar ba ta da kaifin gani a ƙananan lambobi haka. Abin da kake buƙata ita ce 'yar mitar da ake sokawa a soket, a soka kayan a jikinta, ta nuna wat kai tsaye. Ita ma masu arha sukan yi kuskure in abin ya yi ƙasa da wat 1, amma ai ba masu ƙasa da wat 1 muke farauta ba.

Maman 'Yan Biyu:
Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan mitocin fa?

Malama Mai Lissafi:
Mitar gidanki ta isa, Hajiya. Wasu in kin danna maɓallinsu suna nuna abin da gidan yake ja a wannan lokacin. In taki ba ta yi, ki duba wata 'yar fitila da ke ƙiftawa a jikinta, kusa da ita za ki ga lamba kamar 1000 ko 1600 ko 3200, sannan an rubuta imp/kWh. Ma'anarsa yawan ƙiftawar da take yi kafin yunit 1 ya cika.

Ki kashe duk abin da ake amfani da shi yadda kuka saba kashewa in za ku kwanta, fitilu da fanka duka, ki kashe firiji na ɗan lokaci. Sai ki ƙirga daƙiƙa nawa ne tsakanin ƙiftawa ɗaya da ta gaba. In mitar mai 1000 ce, ki raba 3,600 da adadin daƙiƙoƙin. Mai 1600 ki raba 2,250. Mai 3200 ki raba 1,125. Amsar ita ce wat ɗin da gidan yake sha alhali kowa yana ganin an kashe komai. Misali mai 1000 da ta yi daƙiƙa 72, wat 50 ke nan.

Daga nan sai ki sa yaro ya riƙa zare kaya ɗaya-ɗaya kina sake ƙirgawa. Wanda aka zare kika ga ƙiftawar ta yi nisa sosai, kin kama shi. Yaran ma za su ji daɗin aikin.

Mai Gyaran Rediyo:
In za a mayar da firijin a ba shi kamar minti 5 tukuna, kada kwamfiresa ta tashi a kan matsi. Kuma don Allah kada a manta shi a kashe.

Ɗan Tantama:
Ga wata kuma. Ni na taɓa jin cewa yawan kashewa da kunnawa daga bango yana kashe kaya da wuri. In ka tsira da yunit 50 ka ƙona dikoda, ina ribar?

Mai Gyaran Rediyo:
Wannan tambayar tawa ce. Gaskiya ne duk lokacin da aka ba wa kaya wuta daga sanyi akwai wata fizga da yake yi kafin kafasitocinsa su cika. Amma an ƙera su da sanin haka, sau ɗaya ko biyu a rana ba ya yi musu komai. Abin da na fi gani a kan teburin gyara akasin haka ne: kafasitocin da suka kumbura saboda sun shekara da shekaru cikin zafi ba hutu, da kayan da wuta ta dawo da ƙarfi ko tsawa ta faɗa ta same su a jone. Wanda aka raba da layi ba ruwansa da wannan.

Inda nake jan kunne shi ne zare filogi da mayarwa kullum. Bakin soket yana saki, in ya saki sai ya riƙa tartsatsi yana zafi, daga nan gobara take farawa. A yi amfani da makunni. Soket mai makunni, ko ekstenshan mai makunni wanda za a tara talabijin da dikoda da lasifika da na'urar wasa a kansa, dannawa ɗaya an gama. Sai dai in hadari ya taso da tsawa, a nan zarewar ce ta fi, har da wayar dish da eriya, don tsawa tana iya tsallake ɗan ratar da ke cikin makunni.

Akwai kuma kayan da ba a yanke musu wuta haka kawai. Talabijin irin OLED, bayan an kashe shi da rimot yakan yi wani gyaran allo na wasu mintuna don kada hoto ya bar tabo. In ka saba datse shi daga bango nan take ka hana shi. Ka kashe da rimot, ka ba shi lokaci, ko ma ka bar shi, dama abin da yake ci a jira kaɗan ne. Firinta mai tawada ta ruwa, in ka yanke mata wuta ba ta hanyar maɓallinta ba, kan ba zai koma mazauninsa ya rufu ba, tawada ta bushe. Wasu kuma duk tashi sai sun wanke kai da tawada, ita ko tawada ta fi wutar tsada nesa ba kusa ba. Kwamfuta a rufe ta yadda ya dace kafin a kashe soket. Firiji, na'urar gargaɗin hayaƙi, kyamarar tsaro, da duk na'urar da mara lafiya ya dogara da ita, waɗannan ba a maganarsu ma.

Autan Zaure:
Baba ai yanzu an wuce zamanin danna makunni. Akwai filogi mai wayfai, daga waya kake kashe komai, har lokaci kake sa masa.

Injiniya:
Shi filogin da me yake sauraron wayarka? Shi ma zaman jira yake, yana cin kamar wat 1. In ka sa shi a kan dikoda mai wat 15 ko ekstenshan da ya tara kaya, ka ci riba. In ka sa shi a kan talabijin mai cin 0.5, ka sayi abu da kuɗinka don ya ninka maka asara. Haka kwan fitila masu wayfai, kowanne yana ɗan ja ko a kashe yake, in sun kai goma sha a gida sai su taru su zama wani abu.

Ɗan Tantama:
To kun ga inda nake zuwa. Laifin masu ƙera kayan ne, sai a ɗora wa mai gida aikin sintiri. Me ya sa ba za a tilasta musu su gyara ba?

Injiniya:
A nan mun haɗu, kuma an yi. Wani mai bincike a Lawrence Berkeley ɗin da Malama ta ambata, Alan Meier, shi ya tsaya kai da fata a kan cewa babu dalilin da zai sa kaya ya ci fiye da wat 1 a jira. A 1999 Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ɗauki shawarar ta mayar da ita shiri. A 2001 shugaban Amurka George W. Bush ya ba da umarnin cewa hukumomin gwamnatin tarayya su riƙa sayen kayan da ba su wuce wat 1 ba in akwai su. Tarayyar Turai ce ta sa doka mai haƙori a 2008: daga 2010 yawancin kayan gida kada su wuce wat 1 a jira, daga 2013 kuma 0.5, masu ɗan allo mai nuna agogo ko wani bayani kuma a lokacin aka ba su 1. Da yake kamfani ba ya son ƙera kaya iri biyu, sauran duniya ma ta amfana. Shi ya sa talabijin na yau ya fi na shekarun 1990 sauƙi sosai a wannan fannin.

Sai dai an toshe ƙofa ɗaya wata ta buɗe. Yanzu komai so yake ya zauna a intanet: talabijin, lasifika, agogo, har injin wanki. Kayan da ke riƙe da intanet ba ya iya yin barci mai nauyi. IEA ta fitar da rahoto a 2014 cewa irin waɗannan na'urorin sun sha yunit biliyan 616 a duniya a 2013, kuma wajen biliyan 400 daga ciki asara ce da fasahar da ake da ita za ta iya hanawa. Saboda haka ko talabijin ɗinka sabo ne, shiga saiti. In an kunna saurin tashi, ko tashi ta hanyar waya ko murya, wanda ya kamata ya ci rabin wat yana iya haurawa wat 10. Wannan gyaran minti biyu ne, sau ɗaya, babu sintiri.

Ɗan Tantama:
Wannan na saiti na yarda da shi, don ba ya hana ni barci. Amma bin soket kowane dare, ni dai a kai kasuwa.

Maman 'Yan Biyu:
Malam ai ba kai za ka biya min kuɗin wutar ba. Injiniya, saura biyu. Rauta ta wayfai, da na'urar ɗumama abinci mai agogo a goshi.

Injiniya:
Rauta tana cin wat 5 zuwa 10 dare da rana. A ce taki 8 ce, kika kashe ta awa 7 na dare, kin tsira da kamar yunit 20 a shekara. Ba yawa, ba kuma banza ba. Amma in kyamara ko wani abin tsaro yana kanta, a bar ta. Wasu iyayen ma ba don wuta suke kashewa ba, don yara su yi barci ne, wannan kuma wata muhawarar ce.

Ta ɗumama abinci tana da ban dariya. Tsofaffin suna cin kamar wat 3 don agogon nan kawai, wato wat-awa 72 a yini. Ita kuma in tana aiki tana jan kamar wat 1,200, sai ta yi kusan minti 4 kafin ta ci 72. Gidan da ba ya ɗumama abin da ya kai minti 4 a rana, kuɗin agogo ya fi na ɗumamawa. In ba da agogonta kike duba lokaci ba, ki kashe ta a bango.

Mai Sola:
A ƙara da na'urar ruwan sha mai zafi da sanyi. Ba ta cikin masu jiran rimot, amma ta fi su duka ɓarna. Tukunyar ruwan zafin tana hucewa tana sake tafasa har gari ya waye, babu mai shan shayi. A bayanta akwai makunni biyu, galibi ja da kore. A kashe jan da dare.

Sabon Shiga:
Esi fa? Shi ma da rimot ake kashe shi.

Mai Gyaran Rediyo:
Na cikin ɗakin kaɗan yake ci. Amma wasu, musamman manya, suna da ɗan hita a jikin kwamfiresa ta waje da ke ɗumama mai don kada gas ya gauraya da shi, wannan yana iya cin wat masu yawa shiru. In lokacin da ba a amfani da esi ya zo, wata da watanni, a kashe shi daga babban makunninsa. Ranar da za a dawo da shi kuma a ba shi wuta wasu awanni kafin a kunna, ka duba littafinsa za ka ga abin da suka ce. Kashewar kowane dare ba nasa ba ne.

Hajiya, in za ki sayi ekstenshan ɗin, ki ɗauki mai kaurin waya, wanda kowane rami yake da makunninsa, don ki iya barin rauta ki kashe sauran. Ki ajiye shi inda hannu zai kai ba sai an ja kabad ba, in ba haka ba kwana uku za a yi a daina. Kayan kallo kawai za a sa masa. Dutsen guga da hita da abin dafa ruwa kowanne ya tafi soket ɗin bango.